Baba Mai Rimot, Wanda Yake Riƙe Mana Ƙarshen Fim

Ranar Litinin, goma sha ɗaya ga watan Mayu, da hantsi, 'yarka ta kira ni a waya ina cikin ɗakin ajiyar magani. Ta ce, "Anti, Baba ya tafi." Ta ce ka karya kumallo, ka sa an fitar maka da kujera inda rana take, ka zauna, daga nan ba ka ƙara magana ba. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Na zauna a kan kwalin ruwan magani, abin da kullum nake hana ƙananan ma'aikata yi. Allah Ya yafe mini, tunanin da ya fara zuwa mini shi ne: to, fim ɗin ranar Asabar fa? Na san da ka ji wannan da ka yi dariya har injin da ke gefenka ya fara ƙara.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin wankin ƙoda, a can kuma na san ka. Mutanen da ƙodarsu ta daina aiki suna zuwa wurinmu Talata da Alhamis da Asabar, mu soka musu allura biyu a hannu, inji ya ja jininsu ya tace ya mayar, su yi awa huɗu a kishingiɗe. Wanda ya daina zuwa, jikinsa zai kumbura, numfashi ya gagare shi, kuma ba ya daɗewa. Mutane suna zaton allurar ce abin wahala. Na daɗe a aikin nan, na san ba ita ba ce. Abin wahala shi ne mutum ya tashi jibi ya sake ɗaura takalmi ya dawo, ya san babu ranar gamawa.

Ka zo mana kana tsohon ma'aikacin gidan ruwa, dogo, siriri, da tabarau mai igiya a wuya. Zamanka na farko ka ɗaga kai ka dubi talabijin ɗin da ke maƙale a bango, wanda ba ya nuna komai sai labarai babu murya, ka ce, "'Yata, wannan akwatin na ado ne ko na kallo?" Na ce maka nan asibiti ne, ba gidan silima ba. Ka ce, "Hukuma ta yi magana." Tun daga ranar sunana ya ɓata, har likitoci Hukuma suke ce mini. Ran Alhamis ka dawo da rimot daga gida da ɗan filashi mai ɗauke da finafinai a aljihun gaba, ka tare babban likita a ƙofa, ka yi ta zuba masa zance har ya ce a bar ka. Na yi fushi sosai, kuma ban ɓoye maka ba.

Ban taɓa ganin mutumin da ya san fim kamarka ba, kuma ban taɓa ganin wanda yake da taurin ra'ayi a kansa kamarka ba. Tun kana saurayi kake kallo, ba ka ware na wata ƙasa ko na wani yare. Amma ka shigo ɗakinmu da dokoki. Ta farko, babu fim ɗin asibiti. Ka ce, "Mutum ya shekara a sume, ya farka gemunsa a gyare, ya fizge tiyo ya kama gudu. Mu nan awa huɗu kawai, sai an riƙe mu zuwa ƙofa. Ba za a zo har gadonmu a yi mana ƙarya ba." Ta biyu ita ce ta sa na fara ganin girmanka. Masu ciwon nan auna musu ruwan sha ake yi, ƙishirwa ba ta barin su dare da rana. Don haka kowane fim sai ka fara kallonsa a gida, duk inda wani zai ɗaga kofi ya kwankwaɗi ruwan sanyi ka san wurin, ka tsallake shi. Sau ɗaya wani ya kuɓuce maka, aka nuna mutum yana shan ruwa da ƙanƙara har ana jin maƙogwaronsa. Ka bi kujerun da ido kana ba kowa haƙuri kamar ka taka musu ƙafa. Kai ma da ƙishirwar kake. Kakan ce, "Na ƙare ƙuruciyata ina tura wa gari ruwa, yau ga Hukuma tana auna mini a murfin kwalba."

Fim ɗin ban tsoro kana ajiye shi ne don ranar da jinin mutane yake yawan sauka, wai shi zai ɗaga musu. Na ce maka babu wannan a littafin da na karanta, ka ce in auna in gani. Ban auna ba, don kada ka yi gaskiya. A wurinka na ban tsoro mai kyau shi ne wanda ba ya nuna dodon, domin da zarar an nuna shi, kowa ya san ƙato ne aka sa wa roba. Na barkwanci kuwa mun sha faɗa a kansa, sai da muka yi sulhu cewa ba za ka kunna ba sai na gama manna wa kowa filasta, saboda wata mama mai shagon yadi da take dariya da dukan jikinta har allura ta goce. Na soyayya ba ka ƙi shi ba, amma kana da tambaya ɗaya: "Na ga suna gudu cikin furanni. To wa yake wanke kwano?" In fim ya nuna masoya suna gardama a kan cefane, sai ka gyara zama ka ce yanzu aka fara soyayya. Jarumin yaƙin da harsashinsa ba ya ƙarewa kuwa ba ka da maƙiyi kamarsa. Ka fi son sojan da gwiwarsa take rawa yana tuna uwarsa, kuma duk da haka ya tashi.

Akwai wani tsohon lauya a kujerar kusa da taga da ya ce shi ba zai kalli katun ba, na jikokinsa ne. Ka ce masa ya rufe ido, ba a tilasta wa kowa. Kafin a yi nisa na gan shi yana leƙe ta saman jarida, daga baya na gan shi yana share tabarau da gefen zanin gado. Ranar da muka rasa wani daga cikinmu kuma, ba ka sa fim mai magana. Na namun daji kake sawa, giwaye suna tafiya, tsuntsaye suna ƙaura, ka rage murya, ka bar kowa da zuciyarsa.

Amma abin da ya sa aka fi zaginka, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, wata ɗabi'a ce da ba ka taɓa bari ba. Ba ka taɓa barin fim ya ƙare a ranar da ka fara shi ba. Sai an zo daidai wurin da kowa ya daina numfashi, za a buɗe akwati, ko za a faɗi wanda ya yi kisan, sai ka ɗaga rimot ka danna. Allo ya yi baƙi. Ka ce, "Sai Alhamis." Ran Alhamis ka ƙarasa, nan take ka fara wani, shi ma ka yanke shi ka ce sai Asabar. Kuma ba ka taɓa bari a ga sunan fim ba, kana wuce farkon kafin kowa ya ɗaga kai, don kada wani ya je gida ya nemo a waya. Mama mai yadi ta sha ce maka mugun tsoho. Ni ma na ɗauka neman magana ne irin na tsufa, sai da Direba ya zo.

Direba ƙaton mutum ne, ya yi shekaru yana jan babbar mota daga gari zuwa gari, ga mata ga 'ya'ya. Ciwon ya kayar da shi farat ɗaya. Aka ba shi kujerar da ke kusa da taka. Ba ya gaisuwa, ba ya kallon talabijin, bango yake juya wa fuska har a gama. Ƙanwarsa ta ce za ta ba shi ƙoda ɗaya, amma gwaje-gwajen suna ɗaukar watanni, kuma sai yana raye za a yi dashen. Wata Talata ina cikin soka masa allura ya ce mini, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Sista, yau ce ta ƙarshe. Na gaya wa matata. Ba zan ƙarasa rayuwata a ɗaure da tiyo ba, kuma ba zan bari a yanka ƙanwata saboda ni ba." Na gaya masa abin da zai same shi, ban rage komai ba. Likita ya zo ya yi nasa. Matarsa tana waje tana kuka a jikin bango. Ya ce ya ji, ya gode. Na san irin wannan muryar, kuma waɗanda na ji ta a bakinsu a baya ba su dawo ba.

Kana jin komai. Na matso kusa da kai kamar zan duba injinka, na ce maka a kunne ko za ka sa masa na faɗa da tseren motoci. Ka ce, "Hukuma, wanda ya tsufa a kan titi, ƙaryar mota ba ta kama shi." Sai ka sa wani fim mai sanyin tafiya da na tabbata zai sa kowa barci. Wata tsohuwa ce ruwan madatsa zai cinye ƙauyensu. Kowa yana kwashe kaya, ita kuwa ta sa aka ciro ƙofar gidanta, ƙofar kawai, ta ɗauki hayar wata tsohuwar mota da wani malalacin direba, suka kama hanyar dutse. Ba wanda ya san inda za ta kai ƙofar, ko don me.

Direba yana fuskantar bango. Can sai aka ji motar cikin fim tana kukan giya a kan hawa. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Aka sake. Sai ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Wane jaki ne wannan? Zai kashe motar mutane!" Wannan ce magana ta farko da ɗakin ya taɓa ji daga bakinsa. Ba ka ko dube shi ba. Jim kaɗan ya ce, "Wa ya ɗaure kayan nan? Igiya ɗaya a kan gangara? Wallahi ƙofar nan sai ta faɗi." Daga nan bai ƙara komawa bango ba. Yana ta yi wa direban fim faɗa, yana taka birkin da babu da ƙafarsa mai kumburi. Motar ta iso wata siririyar gada, igiya ta fara tsinkewa, tsohuwa ta miƙa hannu ta taga, sai ka danna.

Ya ce, "Baba, mayar."

Ka ce, "Sai Alhamis."

"Ai ka ji na ce ba zan zo ba."

"To, sai mu kalla mu kaɗai. Allah Ya kiyaye hanya."

"Mene ne sunan fim ɗin?"

Ka ce, "Na manta, ɗana. Tsufa."

Matarsa ta gaya mini daga baya cewa ran Laraba ya sa 'ya'yansa sun yi ta neman fim ɗin tsohuwa da ƙofa a waya, ba su samu ba. Ya nemo lambar gidanka, 'yarka ta ce kana barci, kamar yadda ka umarce ta. Ran Alhamis na haɗa injinsa na shimfiɗa zani, kujera tana nan babu kowa. Kowa ya zauna, an soka wa kowa allura, lokaci yana tafiya. Mama mai yadi ta ce a kunna mana. Ka ce batirin rimot ya mutu, alhali da safen nan na ga ka canza shi. Ina ganin idonka yana kan ƙofar ɗakin. Ni kuwa na shiga ɗakin magani na fito ya fi a ƙirga, ba abin da nake ɗaukowa.

Sai ƙofa ta buɗe. Ga shi nan, ƙafafu sun cika silifas, yana haki, matarsa tana bayansa ta toshe baki da hannu. Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ba don ku na zo ba. So nake in ga inda za a kai ƙofar nan." Tsohon lauya ya fara tafi da hannunsa ɗaya a kan cinya, sauran suka kama. Ban taɓa soka allura da farin ciki irin na ranar ba. Nan take batirinka ya tashi daga mutuwa.

Ba zan faɗi ƙarshen fim ɗin ba, kai ka koya mini. Abin da zan ce kawai, ƙofa ta isa inda za ta, kuma Direba ya ce in miƙo masa auduga wai wani abu ya faɗa masa a ido. Kafin ya gama sharewa ka riga ka fara wani, na 'yan sandan ciki, kana ce masa ya sa ido a kan wanda ya fi kowa kirki. Ya dawo Asabar don ya nuna maka ka yi kuskure. Haka kuka yi ta yi wata da watanni, ya zama babban abokin gardamarka, duk fim ɗin da ka yaba sai ya nemo masa aibi. Da sakamakon gwaji ya fito aka ce ƙodar ƙanwarsa ta dace, ya sake tayar da tsohuwar maganarsa cewa ba za a yanka ta ba. Ba ka yi masa wa'azi ba. Ka ce, "Kai ne fa shekaranjiya ka ce a mari jarumin nan da ya ƙi kama igiyar da aka jefa masa. Ka ce girman kai ne ba jarumta ba. Ko ba kai ba ne?" Washegari ya sa hannu a takardar dashen.

An yi dashen, kuma ya kama. Ranar da ya dawo gaishe mu da ƙafarsa, babu mai riƙe shi, shi da ƙanwarsa, ɗakin ya kaure da kabbara da guɗa har masu gadi suka leƙo. Ya gaya mana ya sha ruwa kofi guda cur, amma a waje ya sha kafin ya shigo, saboda dokarka. Ka ɗaga rimot sama ka yanke hukuncinka kamar yadda ka saba bayan kowane fim: "Jarumin yana da taurin kai, tsakiyar ta yi tsawo, amma ƙarshen ya biya." Ya durƙusa ya kama hannunka wanda babu allura.

Kai kuwa babu dashe a gabanka. Shekaru sun ja, zuciya ta yi rauni, likita ya gaya maka tun farko, kuma ba ka taɓa ɗora wa kowa nauyin wannan ba. Ranar Asabar ɗinka ta ƙarshe fim ɗin kotu ka sa mana, na wata mai gasa burodi da ake zargi da ƙona shagon maƙwabcinta. Alƙali ya gyara tabarau, ya buɗe baki, ka danna. Ka ce, "Sai Talata." Na ce maka wata rana sai na ɓoye rimot ɗin nan. Ka ce Hukuma ba ta sata.

Da na je gaisuwa gidanka, 'yarka ta ja ni gefe ta damƙa mini rimot da filashi. Ta ce wannan fim ɗin na kotu kai ma ba ka ga ƙarshensa ba. Ka duba shi a gida don tsallake wuraren ruwa kamar kullum, amma da ka zo wurin alƙali sai ka kashe. Ta tambaye ka dalili, ka ce, "Kwana biyun nan ƙafata tana yi mini nauyi. Bari ni ma in bar wa kaina abin da zai kai ni Talata." Duk tsawon zamanmu ban taɓa tunanin kai ma kana bukatar a ja ka ba. A nan na yi kukan da ban yi ba a ɗakin magani.

Ran Talata aka kawo sabuwar majinyaciya kujerarka, wata matashiyar tela, kwanan nan aka gano ciwonta. Ta juya wa bango fuska, daidai yadda na taɓa gani. Ina tsaye da rimot a hannu ban san yadda zan yi ba, sai ga Direba ya shigo da kayan aikinsa a jiki, ya ce ya ajiye mota a bakin titi. Ya karɓa, ya ja kujerar roba ya zauna, ya kunna fim ɗin kotu.

Baba, bari in karya dokarka sau ɗaya, tunda kai ne ba ka gani ba. Alƙali ya sallami mai gasa burodin. Ba ita ta ƙona shagon ba, wanda ya fi kowa kirki ne, kamar yadda kake faɗa kullum.

Da aka gama, Direba ya lalubo fim ɗin tsohuwa da ƙofa. Rabin ɗakin sun san shi, amma ba wanda ya yi tari. Tela ta daɗe tana kallon bango, sai da tsohuwa ta fara shafa ƙofarta tana yi mata magana sannan ta juyo. Mota ta iso gada, igiya ta fara tsinkewa, Direba ya ɗaga rimot ya danna. Ta ce, "Ya aka yi? Wuta aka ɗauke?" Ɗakin gaba ɗaya, har ni da na fi kowa yaƙi da kai, muka haɗa baki muka ce, "Sai Alhamis." Ran Alhamis na zo buɗe ɗaki na same ta zaune a benci tana jira, ta riga kowa.

Ka yi nasara, Baba. Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, Ya yafe maka kurakuranka, har da ƙaryar batiri. Ya sa ciwon da ka ɗauka da dariya ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai ruwan Aljanna wanda babu mai auna maka shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka da ta yi ta kai ka tana ɗauko ka ba ta taɓa gajiya ba, da jikokinka, da dukan dangi, da abokan zamanka na ɗakinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ma mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.